Dutsen Taimama na Inna Tasalla

Masu yawon duniya sun ce a can gefen hamada akwai waɗansu duwatsu da ake kira Zangarma, kuma a cikin cikinsu akwai birnin aljannu guda, da fadarsa da kasuwarsa da rijiyoyinsa. Mutum sai ya yi ta zagaye a kansa har takalminsa ya tsinke bai ga ko alamar ƙofa ba. Daga waje babu komai sai falalen dutse da tsakuwa, da itatuwan ararraɓi da ƙerana, sai rema da gwaggon biri suna shan rana. Ruwan sama kuwa yakan leƙo ne ya gaisa ya wuce.

Da aka mayar da wurin gandun daji, aka fitar da hanyoyin ƙafa don masu sha'awar hawan dutse, sai da dattawan yankin suka shiga tsakani aka ƙulla alkawari da mutanen ɓoye. Aljannu suka yarda a taka rufin garinsu, a tara 'yan duwatsu a gefen hanya don alama, a ɗauki hoto ma in an ga dama. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a fita da komai, ko da tsakuwa ce. In kuwa baƙo ya ɗauka, to ɗan jagoran da ya shigo da shi ne jingina.

Cikin 'yan jagoran gandun akwai wani Shu'aibu, dogo, marar yawan magana, wanda ya san hanyoyin nan kamar tsakar gidansu. Shi ne ɗan farin wata dattijuwa, Inna Tasalla, mai sayar da daddawa a Unguwar Ɓaure. To, Tasalla irin matan nan ne na da, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. In magana ta kama dole sai ta ce "wancan", da ya sami aiki kuwa ya zama "mai kaki". Har wani maƙwabcinsu mai irin sunan ya yi asarar nasa a wurinta, ya koma "mai shago". Ƙannensa takan zage su ta rungume su, shi kuwa ko ciwo yake sai dai ta dama kunu ta ba wani ya kai masa, ta ce ragowa ce.

Wata shekara matar Shu'aibu ta haihu, Tasalla ta zo suna. Da taro ya watse sai ta dubi surukarta ta ce, "A ce da mai kaki ina so in ga duwatsun nan da ake biyan mutum don ya yi yawo a cikinsu."

Shu'aibu yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya ce wa matarsa, "A ce mata gobe da hantsi."

Washegari suka isa ƙofar gandu, suka tarar da baƙi sun taru. Shu'aibu ya tsaya a gabansu yana zayyana musu dokokin hanya, kamar yadda yakan yi kullum. Uwa ta tsaya a cikin jama'a tana kallon bakin ɗan farinta yana jawabi? Ai Tasalla ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja can bayan wata bishiyar kukkuki, ta juya baya, ta shiga gyara ɗaurin kallabin da babu abin da ya same shi. Saboda haka duk wanda ke wurin ya ji dokar tsakuwa, ban da ita.

Baƙi suka bi wani ɗan jagora ta gajeriyar hanya. Shu'aibu ya ɗauki uwarsa ta doguwar, wadda ke kai mutum ƙololuwa inda ake hango ƙasa duka. Yana gaba da sandarsa, tana baya da 'yar jakarta da gorar ruwa, tsakaninsu kamar tsawon igiyar guga. In sun zo wuri mai wuya sai ya nuna da sanda ya ce wa iska, "Nan akwai santsi." Ita kuma ta ce wa iskar, "An gani." A ranta kuwa daɗi ne ya cika ta, ganin yadda ƙafarsa ta san kowane dutse, amma ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗa ba.

Azahar ta same su a gindin wani ƙaton dutse mai 'yar inuwa. Ruwan gora ya yi ƙasa, ga sauran tafiya, sai suka ga taimama ce ta kama. Shu'aibu ya zagaya bayan dutsen don ya ba ta wuri. Tasalla ta duba gefenta, sai ga wani ɗan baƙin dutse mulmulalle, sumul, daidai cikin tafin hannu. Da ta shafa shi ta ji kamar ya ɗan motsa, ta ce zafin rana ne ke wasa da ita. Ta idar da salla tana ta kallonsa. Nata na gida jikoki sun yi ta fasa aduwa da shi har sun ɓatar, ga wannan kuwa kamar don taimama aka halicce shi. Ta ɗauka ta jefa a jaka.

Ba su yi nisa ba hanya ta shiga tsakanin waɗansu duwatsu biyu masu kusa da juna. Shu'aibu ya shige, duwatsun suka haɗe a bayansa ba tare da ko ƙara ba. Sandarsa kaɗai ta rage a waje, ta ɗan tsaya, sa'an nan ta faɗi.

Tasalla ta ruga ta dafa wurin, ta laluba sama ta laluba ƙasa, ko tsagar da allura za ta shiga babu. Ta buɗe baki za ta yi kira, ta rasa da me za ta kira. Can ta ce, "Mai kaki." Babu wanda ya amsa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba tun da take.

Sai ta ji an ce, "Salamu alaikum, ya ke 'yar Adam mai nauyin jaka."

Ta waiwaya, sai ga wani tsohon rema zaune a kan tarin duwatsun alama, gemunsa fari fat, yana jan tasbaha ta ƙwallon magarya. Sallama kuwa ba a ƙin amsa ta, ko daga bakin rema ta fito. Ta amsa.

Rema ya ce, "Ni ne mai tsaron alkawarin wannan hanya. Ki sani abin da ke cikin jakarki ba dutse ba ne. Ɗan Magajiyar Zangarma ne, na farinta, an kwantar da shi ya sha rana. Jariranmu in barci ya ɗauke su dutse suke zama. Ke kika ɗauka, ɗan jagora kuwa shi ne jingina, haka aka ƙulla."

Tasalla ta sa hannu a jaka da sauri ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba. Ga shi nan, in ajiye muku abinku, ku sakar mini mutum."

"Ajiyewa ba mayarwa ba ce," in ji rema. "Hannun da ya ɗauka shi zai miƙa wa uwar, kuma kada yaron ya taɓa ƙasa har ki isa. Idan rana ta faɗi ba ki kai ba, ɗan jagora zai daskare, ya zama kamar dogayen duwatsun nan da kuka yi ta wucewa. Da yawansu da hula suka shigo."

"Ina hanyar?"

"Ki bi tarin duwatsun da inuwarsu ke fuskantar rana. Amma kafin ki tafi, mene ne shi a gare ki, ɗan jagoran nan?"

Tasalla ta kau da kai ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

Rema ya dube ta ya daɗe, ya ja ƙwallon tasbaha ɗaya, ya shige rami.

Ta ɗauki sandar ɗanta ta duba, sai ga wani tarin duwatsu can gefen da babu hanya, inuwarsa ta miƙe wajen rana. Ta nufe shi, daga shi ta hango wani, ta yi ta bi. Tun tana jin jakar kamar an sa mata ƙwai, har ta koma kamar an sa mudun gero, can igiyar jakar ta tsinke. Allah ya taimake ta ta cafe dutsen a iska. Ya yi girma ya kai ɗan wata uku, yana numfashi a hankali. Ta yi abin da kowace mace za ta yi, ta sunkuya ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da mayafi ta tamke. Rabonta da goyo ya daɗe, amma bayanta bai manta ba.

Hanya ta gangara da ita wani kwari mai faɗi, ƙasarsa fara kamar toka, zafinsa har silifa na manne wa ƙasa. A tsakiyarsa manyan duwatsu ne birjik suna mirginawa da kansu, ƙanana na bin manya. Wani dogon makiyayi yana tsaye a cikinsu da sanda a kafaɗa, sai da ta ɗaga kai har kallabinta ya zame sa'an nan ta ga fuskarsa. Tana shiga tsakanin garken sai goyonta ya farka, ya tsala kuka, kukan kuwa kamar ana niƙa a dutse. Nan da nan garken ya firgita. Duwatsu suka shiga karo da juna, ƙasa na girgiza, wani ya wuce ta gabanta har iskarsa ta kusa kayar da ita.

Makiyayin ya sunkuyo, muryarsa kamar daga cikin rijiya, ya ce, "Ya ke baƙuwa, garkena ba ya jin kukan ɗan sarauta ya zauna lafiya. Ki lallashe shi, in ba haka ba su niƙe ki, ni kuwa ba ni da ikon tsayar da su."

Ta jijjiga, ta bubbuga, ta yi masa 'yar waƙar da take wa jikoki, kuka sai ƙaruwa. Ta juyo da shi gaba ba tare da ta sauke ba, sai ta ga ya buɗe ɗan baki a bushe, yana lasar iska. Wanda ya yi reno ya san kukan ƙishi. Ta dubi gorarta, abin da ya rage bai fi kurɓi uku ba, maƙogwaronta kuwa tun ɗazu yake ƙuna. Ta ce, "Kai ma dai ɗan wata uwa ne." Ta tallafi kansa ta ɗura masa a hankali har gorar ta ƙare.

Yaron ya yi gyatsa, ya yi shiru. Waɗansu 'yan hannuwa baƙaƙe suka fito daga jikinsa suka riƙe wuyan rigarta. Garken ya lafa, duwatsun suka dare mata hanya, makiyayin ya sauke sandarsa ya ce, "Wuce da aminci, uwar goyo."

Daga nan hanya ta kama hawa. Ta yi la'asar da goyonta a baya, don ba ta da inda za ta ajiye shi. Ta ci gaba tana dogara sanda, harshenta ya yi nauyi, leɓɓanta suka tsage. Tana zagaya wani tsauni sai ga wani ɗan lambu kore shar, da ɓaure mai inuwa, da ruwa yana gudu a kan tsakuwa. A bakin ruwan kuwa ga Shu'aibu tsaye cikin kakinsa, yana murmushi.

Ya taho da gudu ya kama hannunta biyu, ya dube ta cikin ido ya ce, "Innata, sun sake ni. Sun ce an yafe. Sauke wannan kayan ki sha ruwa, mu tafi gida, kin wahala saboda ni."

Daɗi ya rufe ta, har ta kai hannu ga ƙullin mayafi. Sai ta dubi hannunta cikin nasa, ta dubi idon da ke cikin nata. Ta zare hannunta a hankali ta ce, "Wanda kake kwaikwayo tun yana rarrafe bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Da shi ne, da yanzu yana can gefe yana gaya wa ɓauren nan cewa a sha ruwa. Kai dai ba ka yi bincike ba."

Abin ya yi wata 'yar dariya, ya narke ya zama ƙadangare, ya ruga ƙarƙashin dutse. Lambu ya ɓace, ruwa ya ɓace, sai ƙaya da tsakuwa. Abin da ya fi ƙona mata rai ba ruwan ba ne. Riƙon hannun nan ne, don na ƙarya ne amma ta ji daɗinsa, ta kuma san ita ta hana na gaskiyar samuwa. Ta share ido da bakin kallabi, ta gyara goyo ta wuce.

Tarin duwatsu na ƙarshe yana bakin wani kwazazzabo wanda ba a ganin ƙasansa. Hanyar da ta rage ɗan gefe ne a jikin dutse, faɗinsa bai fi tabarmar yara ba. Tasalla, wadda ko tsani ba ta hawa a gida, ta tura sanda cikin ɗamara ta durƙusa ta kama rarrafe. Waɗansu mikiyoyi masu fuskar tsofaffi suka zo suna shawagi a gefenta suna cewa, "Dubi ƙasa, 'yar Adam, dubi inda za ki kwana."

Ta ce, "Ku dai ku duba, ku ne marasa aikin yi."

Gwiwoyinta suka goge har jini, goyo kuwa ya kai nauyin ɗan yaye. A tsakiyar hanya gefen ya gutsure ƙarƙashin hannunta, ta tafi za ta faɗa, sai ta ji an riƙe ta daga baya. Yaron ne ya miƙa ɗan hannunsa ya cusa yatsu cikin dutse kamar mai cusa hannu a tuwo, ya riƙe har ta sami madafa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta ci gaba. Da ta kai ƙarshe rana ta riga ta yi ja.

Nan ta tarar da wata tsaga a jikin dutse. Yaron ya taɓa ta, ta buɗe, Tasalla ta shiga birnin Zangarma. Gidaje ne hawa-hawa an sassaƙe su a cikin dutse, tituna shimfiɗe da farin ƙarfe, haske yana saukowa ta waɗansu ramuka a sama. Ga rijiyoyi cike har baki, ga rumfunan kasuwa, amma babu mai saye babu mai sayarwa. Aljannu sun yi cirko-cirko, dogaye da gajeru, masu ido ɗaya da masu ido a tafin hannu, kowa ya yi tagumi. Daga fada kuwa murya ɗaya ke tashi, ta mace, tana kuka tana kira, "Dunƙule, ɗana na fari, Dunƙule, ina ka shiga?"

Duk da halin da take ciki sai da Tasalla ta riƙe baki. Mace da girmanta, a gaban talakawanta, tana kiran sunan ɗan fari gatsal haka. Ta ce a ranta lallai kowane gari da irin tarbiyyarsa.

Aka dare mata har gaban Magajiya, wata doguwar mace baƙa mai sheƙi, hawayenta na zuba suna zama tsakuwa. Tasalla ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu jini, ta kwance mayafi, ta miƙa yaron da hannu biyu ta ce, "Ranki ya daɗe, ga amanarki. Rashin sani ne, na ɗauka dutsen taimama ne. Bai taɓa ƙasa ba, ya kuma sha ruwa."

Magajiya ta fizge shi ta rungume, tana sumbatarsa tana jera sunansa. Birni ya ɗauki guɗa, aka buga ganguna, kasuwa ta motsa. Da ta natsu ta dubi Tasalla ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin ɗauka da jahilci, kin mayar da mutunci. Laifinki ya faɗi. Tashi ki karɓi jinginarki, rana ta kusa."

Aka kai ta wani fili a bayan fada wanda samansa a buɗe yake. Dogayen duwatsu ne tsaye a jere, ba su ƙirguwa, duk kamarsu ɗaya. Hasken rana ya bar ƙasa, ya rage a kawunansu kaɗai.

Tasalla ta ce, "Wanne ne?"

Magajiya ta ce, "Mu ma ba mu sani ba. Wanda ya shiga dutse ba ya jin komai da zai fito da shi sai sunansa na yanka, daga bakin mai hakki a kansa, a kuma faɗi abin da yake gare shi. Kira shi."

Tasalla ta dubi taron aljannun da suka biyo su, ta dubi duwatsun, ta gyara murya ta ce, "Mai kaki."

Shiru.

Ta ce, "Angon ƙarni. Mai sunan kakansa. Yayan su Lantana."

Ko ƙura ba ta motsa ba. Magajiya ta dube ta da mamaki ta ce, "Shin ba ki san sunansa ba ne?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Na fari ne. Mu a wurinmu ba a faɗa. Uwata ba ta faɗi na yayana ba har ta koma ga Allah, haka ma uwarta."

Magajiya ta gyara wa Dunƙule kwanciya a kafaɗarta ta ce, "Al'adarku abar girmamawa ce, ba kuwa zan ce ki raina ta ba. Amma dutse bai san kunya ba. Ni na yini ina kiran nawa bai ji ba, don yana nesa. Naki yana gabanki."

Haske ya ƙara janyewa, ya rage kamar faɗin yatsa a kan duwatsun. Tasalla ta dubi ragowar hasken. Ta tuna shekara talatin da wani abu tana kewaye sunan nan kamar mai kewaye rijiya, yau kuma an ce ta faɗa ciki a gaban baƙi. Ta runtse ido ta buɗe baki, sai ga shi murya ta ƙi fita. Maƙogwaron ya bushe ƙamas, iska kawai ke fita. Ta sake gwadawa, babu. Nan fa ta firgita da gaske, ta kama wuyanta tana duban Magajiya.

Magajiya ta tsoma hannu cikin dutsen da ke kusa da ita, ta fito da ruwa cike da tafi, ta kai bakin Tasalla ta ce, "Kin shayar da nawa."

Ruwan sanyi ƙalau. Tasalla ta haɗiye, ta miƙe tsaye, ta yar da sanda. Ba ta rufe fuska ba, ba ta kau da kai ba. Ta ɗaga murya yadda take kiran masu sayen daddawa daga ƙarshen layi, ta ce, "Shu'aibu! Shu'aibu ɗana, na farina, fito mu tafi gida."

Sunan ya bugi duwatsu ya dawo, ya sake tafiya. Can a tsakiyar fili wani dutse ya tsage daga sama har ƙasa, ɓawonsa ya zube, sai ga Shu'aibu ya fito yana tangaɗi, kakinsa fari da ƙura. Ya yi taku biyu, hasken rana ya ɗauke daga kan sauran.

Tasalla ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce alhamdu lillahi har ba ta san iyaka ba, tana dariya hawaye na zuba, gwiwoyin da ta manta da su suka dawo da ciwonsu gaba ɗaya. Wani sauƙi ya sauko mata tun daga ka har tafin ƙafa, irin na mai naƙuda da aka ce mata an sauka lafiya.

Magajiya ta sa aka shafa mata wani mai a gwiwa, Dunƙule ya miƙo hannu ya ja kallabinta, aka yi sallama. Aka buɗe musu wata ƙofa, suka taka, sai ga su a kan sananniyar hanya, ƙofar gandu tana can ƙasa ana hangowa, sararin yamma bai gama duhu ba. Kafin ta ɗaga ƙafa sai da Tasalla ta zazzage jakarta, ta kakkaɓe silifa, ta duba har cikin ƙullin zane.

Suka kama gangara, yana gaba tana baya. Ba su yi nisa ba ya tsaya. Bai juyo ba, kansa a ƙasa, amma wannan karon ba da iska ya yi magana ba. Ya ce, "Inna, ina cikin dutsen nan ina jin duk abin da ake yi. Da aka ce sai kin kira, na riga na cire rai. Na ɗauka bakinki bai saba da shi ba, ba zai fita ba."

Tasalla ta gyara ɗaurin kallabinta. Sa'an nan ta ce, "Wa ya ce maka bai saba ba? Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa ɗaga goshina daga sujada ban faɗe shi ba. Kai ne dai ba a yi don ka ji ba."

Ƙaton mutum, mai kaki, uban jariri, sai ga kafaɗunsa na rawa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, tana kallon wani ararraɓi kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Da ya share fuska ta ce, "To, ya isa, magariba za ta same mu a dutse. Kuma ka daina yin nisan nan, gwiwar nan ba za ta kai ni ita kaɗai ba."

Ya dawo da baya ya tsaya a gefenta. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, suka gangara tare.